Yadda Aka Ceci Ƙwan Marka

A wani daji da ke bayan gonakin shinkafa, inda makiyaya ke kawo shanu shan ruwa, akwai wani babban tafki wanda ba ya ƙafewa ko da rani. Kifayen cikinsa suna da majalisa, suna da shugaba, suna kuma da dokoki masu yawa. Can gefensa ta gabas akwai wani ɗan kududdufi wanda faɗinsa bai wuce tsakar gida ba. In damina ta yi tsakiya, sai wata 'yar korama ta haɗa shi da tafkin. In ruwa ya ɗauke, koramar ta bushe, kududdufin ma ya bi ta.

A wannan kududdufi ake samun wasu ƙananan kifaye da ake kira 'yan damina. Tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, fiffikensu ja, jikinsu da ɗigo-ɗigon shuɗi. Damina ɗaya suke yi a duniya. Kafin ruwa ya ƙafe sai mace ta binne ƙwanta a laka, ta mutu. Laka ta bushe ta tsage, shanu su tattake ta, rana ta gasa ta wata bakwai. Ranar da ruwan fari ya sauka, sai ƙwan ya fashe. In kuwa bai sha wannan bushewa ba, ba ya ƙyanƙyashewa, ruɓewa yake yi. Saboda haka babu ɗan damina da ya taɓa ganin uwarsa, babu kuma uwar da ta taɓa ganin ɗanta. Ba su ɗauki wannan abin kuka ba, haka suka tashi suka samu kansu.

Da can kududdufansu tara ne a dajin. Aka nome huɗu, aka haƙe biyu don yin tubali, yashi ya cinye biyu. Saura ɗaya. A wata shekara, kifaye goma sha uku ne suka fito. Zalɓe ya ɗauki wasu, kofaton saniya ya danne wasu. Lokacin da gero ya fara fid da kai, saura biyu: Marka da mijinta Anaruwa.

Anaruwa mai surutu ne, ga son nuna jan fiffikensa a inda rana ke haskawa. Sun yi kwana tara suna binne ƙwai a gindin wani bado. A rana ta goma tana cikin ce masa ya dawo ƙarƙashin ganye, sai wani dogon baki ya sauko daga sama. Ruwa ya yi zobe, ya lafa. Ta tsaya a wurin har la'asar tana jiransa, ko da yake ta san abin da ya faru.

Washegari 'ya'yan Tarwaɗa suka biyo korama suka shigo kiwo. Suka sa gashin bakinsu a laka suna tono, suna matsowa gindin badon. Marka ta kore su, suka yi mata dariya. Da ta ga ba za ta iya da su ba, sai ta kama hanyar babban tafki, inda ba ta taɓa zuwa ba.

Ta tarar ana zaman majalisa a ƙarƙashin wani tsohon kututture. Giwan Ruwa ne shugaba, tsoho ne mai nauyi da sanyin murya. Doka ta hana kifi cin ɗan'uwansa yayin zama, shi ya sa zamansu ba ya yin tsawo. A damansa akwai Talibambam, kakakin majalisa, wanda ba ya magana sai ya kumbura. A hagunsa akwai Karfasa, Magajiyar mata da yara, wadda a baki take renon ƙwanta kamar yadda danginta ke yi. Tarwaɗa na kwance a gefe, ita da tsohuwa Gaiwa. Minjirya ce dogariya, ba mai son ya goge ta.

Aka ba Marka izini. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce Marka, daga kududdufin gabas. Mijina ya rasu jiya. Na binne ƙwaina a gindin bado, 'ya'yan Tarwaɗa suna shigowa suna tonon wurin. Roƙona a hana su shiga na kwana ashirin. Bayan kwana ashirin korama za ta bushe, ba mai iya shiga. Abin da ya kawo ni ke nan."

Tarwaɗa ta motsa gashin baki. "Yara ne fa, ranka ya daɗe. Kiwo suke yi. Laka ta zama ta wani ne yanzu? Ni ban ma san akwai irinta ba. Ke 'yar nan, tsaya sosai in gan ki, na ɗauka tsutsa ce ke magana."

"Ba sai kin gan ni ba, Inna. 'Ya'yanki sun san hanyar gidana."

Giwan Ruwa ya ce, "Ina wakilinku? A nan kowane iri ta bakin wakilinsa yake magana."

"Ba mu da wakili."

"Ku nawa ne?"

"Ni ce."

"Ke ce wa?"

"Ni ce duka, ranka ya daɗe. Sai ƙwan."

Sai Talibambam ya fara haɗiyar ruwa, ya kumbura har ƙayoyinsa suka miƙe.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja," in ji shi, "yau rana ce ta baƙin ciki, kuma rana ce ta farin ciki. Kun san shekara nawa muka yi muna jayayya da tafkin yamma. Su suna cewa irin kifinsu arba'in, mu ma muna cewa arba'in. Sun raina mu, mun raina su, ba wanda ya fi wani. Ashe duk shekarun nan mu arba'in da ɗaya ne ba mu sani ba. Ga ta nan a gabanku, ga ja, ga shuɗi, ba irinta ko'ina. In muka bari ta ɓace, mun koma daidai da su. Ina roƙo a ayyana wannan baiwar Allah da ƙwanta a matsayin dukiyar tafki, a kafa kwamiti mai ƙarfi, a kuma aika yamma a sanar da su."

Kowa ya kaɗa wutsiya don amincewa. Marka ta ɗauka maganarta ce ta karɓu, ta fara godiya.

Karfasa ta matso kusa da ita da murya mai taushi. "Ƙanwata, Allah ya ji ƙan mijinki. Amma ban gane wani abu ba. Kin ce korama za ta bushe. Kududdufin fa?"

"Shi ma ya bushe, Yaya."

"To ƙwan fa?"

"Yana cikin laka. Shi ma ya bushe."

Wata 'yar majalisa ta yi salati. Karfasa ta ja da baya kamar an taɓa ta da wuta.

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Ni na reni 'ya'ya a bakin nan sun fi a ƙirga. Kwana goma sha huɗu nake yi ban ci ba, don kada ƙwai ɗaya ya rasa ruwa mai sanyi. Ban taɓa jin uwa ta binne ɗanta a ƙasa ta ce rana ta rene shi ba. Wannan ba mugunta ba ce, rashin sani ne, ba wanda ya je ya wayar musu da kai. Shi ya sa suka ƙare. Laifinmu ne da muka bar su a baya. Matana suna nan a shirye. Mu kwaso ƙwan nan, mu kai shi gurbi mafi zurfi, inda ruwa bai taɓa yankewa ba."

Marka ta ce, "Yaya, in bai bushe ba ba ya fashewa. Mu haka muke."

Talibambam ya ce, "Mai ƙara ta riga ta gabatar da ƙararta. Doka ba ta yarda wanda magana ta shafa ya sake sa baki ba, don akwai son zuciya."

"Ƙwaina ne."

"Shi ne son zuciyar."

Karfasa ta ce, "A yi mata uzuri. Tana cikin takaba, hankalinta ba ya jikinta. Duk wadda ta rasa miji haka take magana."

Yunwa ta fara taɓa shugaba, sai aka ɗage zama zuwa gobe.

Marka ta ɓuya a cikin ciyawa har aka gama cin abin da za a ci, sannan ta nemi Gaiwa. Ta san ita kaɗai ce a majalisar take kwana a busasshiyar laka da rani.

"Kaka, ke kin san gaskiya nake faɗa."

"Na sani, jikata. Na ga kakanninki suna fitowa daga ƙasa kamar an watsa barkono. Ƙasa ba ta kashe abin da ya san ta."

"To ki faɗa musu gobe."

Gaiwa ta tashi sama ta shaƙi iska, ta dawo. "Kin ga abin da na yi yanzu? A kan wannan aka taɓa kafa mini kwamiti, a bincika ko ni kifi ce ko wata aba ce daban. Shekara biyu ana kallona gefe-gefe. Da ƙyar na tsira da wurin zamana. In na tashi gobe na yabi laka, an sake buɗe maganar. Amma ki kwantar da hankalinki, ba zan yi ƙarya ba."

Ba ta kuwa yi ƙarya ba. Da aka koma zama, Giwan Ruwa ya ce, "Gaiwa, ke ce masaniyar laka. Me za ki ce?"

Gaiwa ta ce, "Ranka ya daɗe, laka dai akwai zafi."

Aka kaɗa ƙuri'a, ba wanda ya ƙi. Tarwaɗa ma ta goyi baya da zuciya ɗaya. Maganar hana 'ya'yanta shiga kududdufi kuwa ba a sake tayar da ita ba, tunda ba abin da zai rage a can.

Matan Karfasa suka tafi a jere suna waƙa, suka tone gindin badon, suka cika bakinsu. A hanya tausayi ya kama wasu daga cikinsu har suka haɗiyi yawu, abin da ke bakin ya bi, aka ce ƙaddara ce. Sauran aka jera shi a kan wani fallen dutse a ƙasan gurbi, inda sanyi yake kuma rana ba ta kaiwa. Aka sa Minjirya gadi.

Marka ma aka ba ta masauki kusa da wurin. Ba a taɓa girmama ɗan damina haka ba. Kullum masu ta'aziyya suna zuwa, su ce ta yi haƙuri, su leƙa jan fiffikenta, su cinye abincin da aka kawo mata, su tafi. Wakilai suka zo daga tafkin yamma, aka ce ta juya dama, ta juya hagu, suka koma ransu a ɓace. Duk wanda ya zo sai ta ce masa ƙwan yana bukatar ƙasa. Sai ya girgiza kai, ya faɗa wa na kusa da shi a hankali cewa rashin ya taɓa ta ƙwarai.

A rana ta shida ta ga ƙwan da ke gefe ya fara yin fari, da wani gashi-gashi kamar fumfuna. Ta je ta faɗa wa Karfasa.

"Fari ai alamar tsabta ce, ƙanwata. Je ki huta. Kwamiti zai duba in ya zauna."

Marka ta dawo ta tsaya tana kallon dutsen. Ta san jikinta ya fara sanyi, don kwanakinta na ƙarewa tare da damina. Ta san koramar ma kullum raguwa take. Da rana ta take, lokacin da manya ke kwanciya a inuwa, ta ce wa Minjirya tana so ta ɗan shafa 'ya'yanta. Minjirya ta ce umarnin da aka ba ta bai hana uwa ganin 'ya'ya ba, ta juya ta ci gaba da gyangyaɗi.

Bakin Marka ƙwai ɗaya yake ɗauka. Ta zaɓi wanda farin bai taɓa ba, ta rufe baki, ta bi ta cikin ciyawa. Tafiyar da karfasa ke yi a ɗan lokaci, ita wuni ce a gare ta. A korama ruwa ya yi zafi, zalɓe na tsaye a bakin gaɓa, ta bi ta ƙarƙashin inuwarsa. Ta tura ƙwan cikin laka da hancinta, ta rufe, ta dawo kafin a neme ta. Kwana huɗu tana haka.

A rana ta biyar ta fito daga ciyawa sai ta yi kiciɓis da Talibambam.

"A'a, Marka, barka da rana. Ya ƙarin haƙuri?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina gajiya? Ya masauki? An kawo abincin kuwa?"

Ta kaɗa wutsiya, ta nemi wucewa. Ya tare hanya, ya fara kumbura.

"Ni nake gaishe ki kina kaɗa mini wutsiya? Ni da na miƙe a gaban majalisa na ɗaga sunanki? Ko shugaba ba ya ƙin amsa gaisuwata. Na ce ya ƙarin haƙuri?"

Kifaye suka fara taruwa. Marka ta duba dama da hagu, ba hanya. Ta ce, "Da godiya." Ƙwan ya fito, ya yi ta sauka a hankali a gaban kowa, har wani ɗan Tarwaɗa ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

Ranar aka yi zama na gaggawa. Laifinta satar dukiyar tafki. Tarwaɗa ta ce ita dama tun ranar farko ba ta yarda da idon yarinyar ba. Karfasa ta yi kuka, ta ce ba satar ce ta yi mata ciwo ba, butulcin ne. Doka ta ba wanda ake tuhuma damar magana, don haka a karon farko aka bar Marka ta faɗi abin da ke ranta har ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, na zo neman kwana ashirin, aka ba ni masauki da abinci da baƙi. Na gode. An tambayi Magajiya yadda ake renon ɗan damina, an tambayi Kaka Gaiwa, ni ba a tambaye ni ba. Ni kuwa na tuna yadda na zo duniya. Ina cikin duhu, a matse, ga zafi ta ko'ina, ban san ko ina da rai ba. Sai na ji ƙasa tana bugawa a kaina. Sai wani ƙamshi ya shigo, na ƙura da ruwa ya taɓa. Shi ne ya tashe ni. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya riƙe ni a baki. Mijina ma haka ya zo, a rami ɗaya da ni, yana fitowa ya fara surutu. Waɗanda ke kan dutsen can ba za su ji wannan ƙamshi ba. Ba sa barci, mutuwa suke yi, kuna iya zuwa ku shinshina. Ban san doka ba. Na san dai abin da ya rage mini na Anaruwa ke nan, kuma ba ni da wata daminar."

Da Giwan Ruwa ya buɗe baki, muryarsa na rawa.

"Ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan ba a majalisar nan. Kakaki, ka haddace ta, a riƙa karanta wa yara. Yanzu, 'yata, ki gaya mana gaskiya. Bayan wannan, kin ɗauki wani?"

Marka ta so ta ce a'a. Ba ta saba da ƙarya ba, bakinta ya riga ta. "Huɗu."

"Suna ina?"

"Inda ya kamata."

Aka yanke hukunci biyu. Na farko, an cire ta daga dukiyar tafki, an kore ta zuwa kududdufinta, kada a sake ganinta. Na biyu, a je a kwaso ƙwai huɗun nan kafin rana ta cutar da su.

Ta fita a ranar. Koramar ta zama ɗan zare, ta ja cikinta a kan yashi har fatarta ta saɓule. Da ta isa, ta kwanta a kan wurin da ta binne su, ta fuskanci hanya, tana cizon kanta a kan kalma ɗaya da ta faɗa. Ba ta da ƙarfin hana kowa. Ta dai yi niyya duk wanda ya zo sai ya ɗaga ta tukuna.

Ba wanda ya zo. A can majalisa Karfasa ta ce aikin nata ne, tunda ƙwai ne. Minjirya ta ce nata ne, tunda kayan sata ne. Tarwaɗa ta ce 'ya'yanta sun fi kowa sanin hanya. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya raba gardamar, ya zauna kwana shida. Koramar ta yanke a rana ta huɗu.

Marka ta ga yankewarta. Ruwa ya yi ta ja da baya, ya yi ɗumi, ya yi kauri. Ganyen bado ya kwanta. Ba ta ƙara cin komai ba. Wata rana da hantsi ta ji lakar da ke ƙarƙashinta ta fara tauri, ta danna cikinta a kai ta tabbatar, sannan ta daina motsi. Tururuwa suka yi sauran aikin. Ƙasa ta tsage, shanu suka bi ta kai.

A gurbi kuwa farin ya bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya, har dutsen ya koma kamar an shimfiɗa masa auduga, daga baya ruwa ya wanke shi tas. Kwamiti ya ba da rahoto cewa a duk tsawon rani babu ƙwai ko ɗaya da ya bushe. Aka yaba wa Karfasa, aka ƙara wa Minjirya girma, ta ci gaba da gadin dutsen.

Bayan wata bakwai hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan fari ya bugi ƙasa, ƙura ta tashi da ƙamshinta. Kafin azahar wani abu kamar ƙwayar gero ya motsa a inda gindin bado yake, sai wani, sai wani. Na huɗun bai tashi ba. Ukun suka watsu cikin ruwan ɗumi suna neman abinci, ba su san sunan kowa ba. Biyu mata ne, ɗaya namiji, shi kuma tun yana ƙarami ba ya rufe baki.

Da damina ta yi tsakiya korama ta kawo, labari ya kai majalisa cewa an ga wasu ƙananan kifaye masu jan fiffike a kududdufin gabas. Aka yi murna ƙwarai, aka kuma sa ranar da za a je a cece su.